Kunnen Kawu Lado

Duk wanda ya sayi mazarƙwaila a kasuwar Hunkuyi shekara ashirin da suka wuce, da wuya a ce bai ɗanɗana aikin hannun Kawu Lado ba, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Yayan mahaifiyata ne, mutumin Likoro, gajere, mai faɗin kafaɗa, hayaƙi ya riga ya rina masa ido. Bai taɓa mallakar gonar rake ba, bai kuma taɓa mallakar injin matsa ba. Abu ɗaya ya iya a duniya, dahuwar ruwan rake, kuma shekara talatin da wani abu ya yi yana yin ta a fadamar Alhaji Gambo, wani mai gonakin rake a garinmu.

Ga wanda bai sani ba, aikin haka yake. A matse rake, a tace ruwan, a juye a wani makeken kaskon ƙarfe da aka ɗora bisa murhun rami. A yi ta iza wuta da busasshen raken da aka riga aka matse, ana kwashe baƙar kumfa da ke tasowa, awa uku ko huɗu. Wannan duk mai ƙarfi da haƙuri zai iya. Amma can ƙarshe akwai wani ɗan lokaci da bai kai tsawon salla raka'a biyu ba, wanda a cikinsa dole a sauke kasko. In aka yi gaggawa mazarƙwailar ba za ta daskare ba, sai ta yi ta naso a buhu. In aka yi jinkiri ta yi baƙi, ta yi ɗaci. Don wannan ɗan lokacin kaɗai ake neman madafi, kuma don shi ake ce wa Kawu Lado Sarkin Kasko, sarautar da babu wanda ya naɗa masa.

Ina iya ganinsa har yanzu. Zai tsoma ludayi mai dogon mariƙi, ya ɗaga sama, ya bar ruwan ya zubo kamar zare, ya karkata kai gefe guda yana kallo. Ya sake tsomawa. Ya sake. Sai kawai ya ce a sauke, ba tare da ɗaga murya ba. Ƙarti huɗu su zura sanduna su ɗaga kaskon, a juye, a yi ta motsawa, a zuba a 'yan tasoshi jere a ƙasa. Mutane suka ce ido gare shi. Shi ma da bakinsa haka yake cewa, ido ne, kuma wai a wurin mahaifinsa ya gaje shi.

A lokacin doki ke juya injin matsa. Wani tsohon bidi ne na Alhaji Gambo, an ɗaura masa doguwar sanda, yana zagayawa tun hantsi har la'asar ba ya gajiya ba ya fushi. Babu abin da kake ji a fadamar nan sai takun dokin, da ɗan kukan itace, da kurciyoyi, da tafasar kasko. Duk hutun makaranta na lokacin sanyi a can muke yin sa. Kawu zai tsoma guntun rake a kasko ya miƙo mini yana ɗiga, ya ce in hura tukuna, ni kuma ban taɓa hurawa ba, kullum sai na ƙona harshe. Har yau in na ji ƙamshin sukari a wuta sai zuciyata ta koma Likoro, kuma ba na jin kunyar in ce ina kewar wurin.

A 2011 na samu gurbi a jami'a a Samaru, sashen injiniyancin sinadarai. Mu bakwai ne mata a ajinmu. A gida kowa ya ba karatun nawa ma'anar da ta yi masa. Wasu suka ɗauka zan fito in buɗe shagon magani, wasu suka fara tambayata wane maganin feshi ya fi kashe ciyawa. Kawu ne kaɗai ya zaunar da ni ya ce in gaya masa da Hausa abin da ake koya mana. Na gyara zama, na yi masa bayani dalla-dalla, cewa ilimi ne na yadda ake ɗaukar abu ɗanye a bi da shi ta wuta da tukwane da bututu har ya zama wani abu dabam, kuma ya riƙa fitowa iri ɗaya kullum. Ya saurara har na gama.

"Wato dahuwa," in ji shi.

Wallahi na ji haushi. Ni da nake kwana da lissafin da ke sa ƙartin ajinmu kuka, ni da na sha faɗuwa a jarrabawar darasin zafi har sau ɗaya na maimaita, a ce dahuwa nake koyo. Na yi murmushin dole na ce haka ne, Kawu, a raina kuwa ina cewa mutumin ƙauye dai mutumin ƙauye ne. Allah ya yafe mini.

Shekarun nan na Samaru suna da daɗinsu. Farar rigar ɗakin gwaji da nake sakawa a kan hijabi, awarar da muke saye a bakin ɗakin kwanan ɗalibai, da wata tsohuwar na'urar tace ruwa da sai an buge ta da tafin hannu take aiki. Ga yajin aiki, wanda yakan maido mu gida mu yi wata uku muna tsince shinkafa. A wani irin wannan zaman ne na tarar babu doki a fadama. Bidin ya mutu, Alhaji Gambo ya sayo injin dizal, irin na niƙa, aka haɗa shi da bel. Abin da doki ke matsewa a yini, injin nan kafin azahar ya gama. Kowa ya yi murna, har Kawu, domin yanzu kasko uku ake dafawa a jere maimakon ɗaya. Ƙararsa kuwa, in kana kusa, sai ka yi ihu ake jin maganarka.

Daga shekarar ne hannun Kawu ya fara kuskure. Yau mazarƙwaila ta fito ja mai kyau, gobe ta ƙi daskarewa, jibi ta ƙone. Masu saye a Hunkuyi suka fara karya ɗaya su ɗanɗana kafin su ɗauka, abin da a da ba sa yi in an ce ta Lado ce.

To, a garinmu ba a duban babba a ce masa ya gaza. Kara ba ta bari. Sai aka shiga ɗora laifi a kan duk abin da ba ya da baki. Aka ce takin zamani ne ya ɓata rake. Aka ce sabon kasko ne ba shi da kauri. Aka ce baki ne ya kama shi, mahaifiyata har rubutu ta sa aka yi masa. A bayan ido kuwa magana ɗaya ake yi, idon Lado ya mutu. Shi ma ya yarda da haka a ransa, ya tafi kasuwa ya sayo tabarau a hannun mai talla, ya riƙa sa shi a bakin kasko, tururi yana rufe gilashin. Ranar da na fara ganinsa da tabaran nan sai da na juya baya.

Ina shekarar ƙarshe mahaifiyata ta gaya mini cewa Alhaji Gambo ya yanke shawara. Wannan kakar raken ita ce ta ƙarshe. In an gama, Yahuza, wani magidanci da ya daɗe yana iza wa Kawu wuta, shi zai karɓi ludayi, Kawu kuma a ce masa ya huta. Kowa a Likoro ya san zancen ban da shi, ko kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba. Na san Kawuna. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, bai iya zaman dandali ba. In aka raba shi da kasko, an gama da shi.

Ba zan yi ƙarya in ce don in cece shi na zaɓi mazarƙwaila a aikin bincikena na kammala karatu ba. Na zaɓe ta ne don ruwan rake kyauta zan samu, kuma malamin da ke duba aikina ya ce babu wanda ya taɓa kawo masa irin wannan. Ya ba ni aron ma'aunin zafi, dogo, na gilashi, cikin kube na ƙarfe, ya ce in rubuta komai, har abin da nake ganin ba shi da amfani. Ya ce injiniya ba ya zargin kowa sai littafinsa ya cika.

Da na je da ma'aunin, Kawu ya juya shi a hannu, ya tambaya ko an wanke, sannan ya ce in dai ba zan tsaya masa a hanya ba in tsoma abina. Daga ranar ya sa mini suna Injiniya, ƙartin wurin suka ɗauka. Hutun Disamba zuwa Janairu na yi ina tsaye cikin hayaƙi, ina rubuta zafin kasko duk bayan minti biyar, da lokacin da ya ce a sauke, da yadda mazarƙwailar ta fito. Na rubuta gonar da aka yanko raken, da ko ya kwana a yanke. Saboda maganar malamina har da shirme nake rubutawa a gefe: yau iska, yau Alhaji ya zo da baƙi, yau mai ya ƙare.

Da na tara kasko arba'in da biyu na baje takardun a tsakar gida. Abu na farko ya fito fili, duk kaskon da ya yi kyau a digiri ɗari da sha takwas aka sauke shi, ko kusa da haka ƙwarai. Waɗanda suka lalace kuwa sun warwatsu, wani a ƙasa, wani a sama. Na duba gona, ba ita ba ce. Na duba kasko, ba shi ba ne. Kwana biyu ina juya takardu kafin idona ya faɗa kan shirmen da ke gefe. Mai ya ƙare. Bel ya tsinke. An kashe inji, an tafi sallar azahar. Duk kaskon da ya nuna alhali injin yana kashe, Kawu bai kuskure ko ɗaya ba. Sha ɗaya ne, kuma sha ɗayan duk ɗari da sha takwas. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sai na tuna karkata kan nan da yake yi. Tun ina ƙarama na ɗauka zaren ludayi yake kallo. Washegari na koma lokacin da aka kashe inji, na rufe ido a bakin kasko na kasa kunne. Da farko tafasar tana ɓararraka, sama-sama. Da ruwan ya yi kauri sai ta koma wani nauyayyen numfashi, ɗaya bayan ɗaya, kamar talgen da ya kusa kai wa tuƙi. Ni ban iya rarrabe daidai wurin ba. Shi kuwa shekara talatin kunnensa na gaya masa, yana gode wa ido.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce in rufa mata asiri, yaushe aka haife ni da zan je in koya wa Yaya yadda yake aikinsa, a gaban mutane kuma. Na ce mata ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta ce wannan karin magana na sa'o'i ne, ba na 'ya da kawunta ba. Muka yi ta yi, ni da taurin kai, ita da kunyar ɗan'uwanta. Daga ƙarshe ta ce in na je, kada in ce ita ta aike ni.

Saura mako biyu in koma makaranta na same shi da safe kafin a kunna wuta, yana kankare kasko. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwar har ta ƙare, na rasa ta inda zan fara. Sai na ce alfarma nake roƙo, saboda makaranta. In kasko ya kusa nuna ina so a kashe inji, shi kuma ya ajiye ludayi ya juya wa kaskon baya, ya faɗi lokacin saukewa a haka. Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau.

"Injiniya, so kike ki nuna wa mutane makanta ta kama ni?"

"A'a, Kawu. So nake in nuna musu ba ta kama ka ba."

Ya ci gaba da kankara. Na tafi wurin Alhaji Gambo, wanda ya yi ta mita cewa tada injin nan sai an sha wuya, kuma in kasko ya ƙone asarar a kaina take. Ya dai yarda, ina jin don ya samu hujjar abin da ya riga ya ƙulla.

Da hantsi ya yi sosai kaskon farko ya yi kauri. Na ɗaga wa mai inji hannu. Shirun da ya sauka a fadamar nan na daɗe ban ji irinsa ba, har kurciya muka ji. Kawu ya tsaya da ludayi a hannu kamar ba zai yi ba. Sannan ya miƙa wa Yahuza, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya juya ya fuskanci gonar rake. Na tsoma ma'auni. Ɗari da sha huɗu. Tururi yana dukan fuskata. Sha biyar. Sha shida. Alhaji ya matso yana leƙen gilashin duk da bai san abin da yake nema ba. Na ga kan Kawu ya karkata gefe guda. Sha bakwai. A raina ina ta salati, domin in ya wuce, ni ce na tozarta shi da hannuna.

"A sauke," in ji shi.

Ɗari da sha takwas cif.

Aka yi na biyu, aka yi na uku, bai juyo ba sai da aka juye na ƙarshe. Ya ɗauki tasa ɗaya da ta huce, ya kife ta a tafin hannu, mazarƙwailar ta faɗo ja, da ƙarfinta. Ya karya ya ba Alhaji rabi. Na nuna masa takarduna, na gaya masa abin da na gano, cewa da kunne yake dahuwa, inji ne ya toshe masa. Sai ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. Ya ce ashe shi da mahaifinsa duk sun yi ta yi wa mutane ƙarya ba su sani ba. Tabaran kuwa a ranar ya ba wa mai gadin gona.

Babu wanda ya sake ta da zancen hutu. Aka mai da shi ƙa'ida, kasko na kusa nuna a kashe inji. Na koma Samaru na rubuta aikina, na sa ɗari da sha takwas da manyan baƙaƙe a shafin ƙarshe, na ci jarrabawa da kyau. Da na kawo masa hoton bikin yaye mu ya rataye shi a zaure, yana gaya wa baƙi cewa 'yarsa ce, ta yi digiri a kan dahuwa. A lokacin na daina jin haushi.

Na samu aiki a wata masana'antar man gyaɗa a Kano, na yi aure, zuwa gida ya koma sai da salla. Bayan shekara uku, a wata ziyara, na lura sai na maimaita gaisuwa yake amsawa. Wannan karon kunnen ne da gaske, tsufa ya zo. Mutane suka fara shirin ɗora wa taki laifi, amma shi bai jira ba. Ya ja ni gefe ya tambaya ko sandar gilashin nan tawa ana sayar da irinta. Na sayo masa a Kano. Tunda bai san lambar boko ba, na ɗaura jan zare daidai kan ɗari da sha takwas, na ce in ruwan ciki ya hau ya taɓa zaren, a sauke. Ya yi mata gida da guntun gora, yana rataye ta a wuya. Da ita ya ƙara kaka huɗu a bakin kasko, injin yana ta ƙararsa ba a kashewa, kuma ban taɓa jin an dawo da mazarƙwailarsa daga Hunkuyi ba. Duk zuwan da na yi sai na tambaye shi ko zaren yana nan daidai, shi kuma ya ce lambar Injiniya ai ba ta ƙarya.

Ya rasu shekara biyu da suka wuce, da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa. Ranar addu'ar bakwai Yahuza, wanda yanzu shi ke riƙe da ludayi, ya yi sallama ya miƙo mini guntun goran. Ya ce marigayi ya ce a ba ni, shi Yahuzan ya riga ya sayi nasa.

Na zaro ma'aunin. Jan zarena yana nan, ya yi baƙi da hayaƙi. Amma a samansa kaɗan, wajen digiri biyu, akwai wani zaren, fari, irin na ɗinkin buhu, an ɗaure shi da kyau. Na tambayi Yahuza na mene ne wannan. Ya sunkuyar da kai, ya ce na raken ƙarshen kaka ne, na watan Maris, in zafi ya fara shigowa. Wai shekarar farko da Kawu ya bi jan zare a lokacin, kasko biyar suka ƙi daskarewa. Bai gaya wa kowa ba, ya riƙa matsar da farin zare kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har ya samu wurin.

Gaskiyarsa ce. Duk awon da na yi na Disamba da Janairu ne, ban taɓa auna raken Maris ba, ina makaranta. Na ce wa Yahuza to me ya hana a gaya mini, shekara huɗu ina zuwa ina tambaya.

"Na ce masa ya gaya miki," in ji Yahuza. "Sai ya ce da wannan lambar aka ba ki digiri. Ya ce ba a duban injiniya a ce mata ta yi kuskure."